Wakafin da ba mu saba da shi ba: Ɗaukar nauyin horar da sabon malami

Bayan an idar da sallar La'asar, duk wanda ya ratsa lungunan Kurna ko Rimin Kebe ko Ɗorayi a Kano, ko ya bi ta Rigasa a Kaduna, zai ji sautin da ya saba ji tun yana yaro, wato muryoyin yara suna biya karatu a Islamiyya. In ya leƙa ta taga zai tarar ɗaki ya cika maƙil, wasu a benci, wasu a tabarma, wasu sun tokare bakin ƙofa. A gabansu kuwa, sau da yawa, saurayi ne ko budurwa da ba su wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Wataƙila bara ko bara waccan ta sauke Alƙur'ani a wannan makaranta, ko ta gama sakandare, ko ta karɓo takardar NCE. Aka ce ta zo ranar Asabar, aka miƙa mata alli da rajista da 'yar tsumagiya, aka nuna mata ƙofar aji ɗaya. Iyakar shirin da aka yi mata ke nan.

Da safe ma haka lamarin yake a firamaren gwamnati da ke bayan layi, domin yaran su ne dai, unguwar ma ita ce. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wanda ya taɓa shiga aji ɗaya ko aji biyu a waɗannan unguwanni ya san sai an ninka wannan adadi sau biyu, wani wurin sau uku, kafin a kai ga abin da ido ke gani. Kuma bisa wata al'ada da ba a rubuta ta a ko'ina ba, sabon malami ake turawa ƙananan azuzuwa, inda yara suka fi yawa kuma aikin ya fi wuya, tsofaffin hannu kuwa su riƙe aji biyar da aji shida.

A jikin bangon irin waɗannan makarantu ba a rasa allon marmara ko na ƙarfe mai ɗauke da sunan bawan Allahn da ya gina azuzuwa uku, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ko ya sauya rufin kwano. Allah Ya saka musu da alheri, Ya sa a mizani. Masu hannu da shuni a ƙasar Hausa ba su yi rowa ba wajen gina masallatai da makarantu, kuma duk wanda ya ce sun yi bai yi musu adalci ba. Abin da ban taɓa gani a jikin wani bango ba shi ne sunan wanda ya ɗauki nauyin ci da sha da kuɗin motar wani matashi na shekara guda, don ya zauna a gefen ƙwararren malami ya koyi yadda ake koyarwa kafin a danƙa masa 'ya'yan mutane. Wannan ita ce sadakar da na ga ta fi ƙaranci a wurinmu, alhali ita ce ke tabbatar da amfanin sauran.

Koyarwa sana'a ce da ake koya

Akwai wani zato da ya daɗe a zukatanmu, cewa duk wanda ya san abu zai iya koyar da shi. Magabata ba su tafi a kan haka ba. Lokacin da Manzon Allah (SAW) zai aika Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, bai wadatu da cewa Mu'azu masani ne ba. Ya bayyana masa irin mutanen da zai tarar, ya tsara masa abin da zai fara da shi da abin da zai biyo baya, tauhidi tukuna, sannan salla, sannan zakka, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Sanin wanda za a koyar da sanin jerin darasi su ne ginshiƙan wannan sana'a har gobe. Bayan yaƙin Badar kuma, littattafan sira sun kawo cewa fursunonin da ba su da kuɗin fansa aka sa kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Wato tun a shekara ta biyu bayan Hijira al'umma ta yarda ta bar dukiyar da take matuƙar buƙata don yaranta su samu mai koya musu.

A mazhabarmu ta Malikiyya aka fara rubuta littafi sukutum a kan aikin malamin yara. Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa Adabul Mu'allimin, inda ya yi bayanin ladan malami, da wajibcin daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a wajen karatu, da iyakar horon da malami zai yi wa yaro, har ya hana duka cikin fushi. Bayansa Abul Hasan al-Ƙabisi, shi ma mutumin Ƙairawan, ya faɗaɗa zancen. Ibn Khaldun kuwa a Muƙaddima ya lissafa koyarwa a cikin sana'o'i, ya yi gargaɗin cewa tsanantawa tana gadar wa yaro kasala da ƙarya da munafunci. In har koyarwa sana'a ce kamar ƙira da jima da ɗinki, to ba a taɓa jin wanda ya zama maƙeri don ya karanta labarin ƙarfe ba. Sai ya zauna a maƙera ya yi zuga.

Manyan makarantun Musulunci na da sun tanadi wannan zama. A tsarinsu akwai muƙamin da ake kira mu'idi, wato mai maimaitawa. Ɗalibi ne da ya yi nisa, yana zama a darasin shehi, in an tashi sai ya maimaita wa sauran ɗalibai, ya warware musu abin da ya shige musu duhu, shehin kuma yana lura da shi. Abu Ishaƙ ash-Shirazi ya yi wannan aiki a gaban malaminsa Abud Ɗayyib aɗ-Ɗabari a Bagadaza kafin ya zama malamin makarantar Nizamiyya da aka buɗe a shekara ta 459 bayan Hijira, daidai da 1067 Miladiyya. Abin lura a nan shi ne, a takardun wakafin irin waɗannan makarantu akan ware wa mu'idi nasa kason, kamar yadda ake ware na shehi da na ɗalibai da na man fitila. Masu dukiyar wancan zamani sun ɗauki mai koyon koyarwa a matsayin wani ɓangare na makaranta da dole a ciyar da shi.

Mu ma a nan gida muna da namu. A tsangaya, gardi ba ya wayi gari ya zama malam. Yana shekaru yana biya wa ƙolo da titibiri, yana duba alluna, yana gyara rubutu, alaramma na zaune yana sauraro, in ya ji kuskure ya ɗaga murya daga inda yake. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ɗauki wannan hanya ta kai ta ga matan karkara. Takan zaɓi dattijuwa mai amana ta koya mata karatu da waƙoƙin wa'azi cikin Hausa da Fulatanci, ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malafa da jan ƙyalle, sannan ta mayar da ita garinsu ta koyar da 'Yan Taru. Jajin kuma takan dawo lokaci lokaci ta ƙaro karatu. Zaɓe, da horo, da shaida, da bibiya, duk sun haɗu a nan.

To ina aka kwana? Yawan jama'a ne ya fi ƙarfin tsarin. Da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, yara suka yi tururuwa zuwa makaranta, aka shiga neman malamai ido rufe, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su daga nesa. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, waɗanda dattawanmu ke yabo har yau saboda yawan gwajin koyarwar da ake yi a cikinsu, aka mayar da NCE mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita. Niyyar mai kyau ce. Sai dai a 2025 mafi ƙarancin makin da hukumar JAMB ta amince da shi don shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, ƙasa da na jami'a, don haka da yawan masu shiga sun shiga ne bayan sauran ƙofofi sun rufe. Gwajin koyarwa na 'yan watanni ne, kuma sau tari ana tura ɗalibi ne makarantar da ke fama da ƙarancin malamai, inda ba a neman wanda za a koya wa aiki, ana neman wanda zai toshe gurbi ne. Malamin kwaleji ya leƙo sau ɗaya ko sau biyu, ya ba da maki, ya wuce. Islamiyyoyin unguwa kuwa, waɗanda galibi ba gwamnati ke biyan malamansu ba, ko wannan ɗin ba su samu.

A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a kan darussan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai kashi 75 cikin ɗari da aka gindaya ba, aka kuma sallame su. An yi ta muhawara a kan adalcin jarrabawar, kuma ƙungiyar malamai ta yi yajin aiki. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, akwai tambayar da hayaniya ta danne. Waɗannan mutane a makarantunmu suka yi karatu, kwalejojinmu suka ba su shaida. In aka kore su aka ɗebo wasu daga rijiyar da aka ɗebo na farko, aka kuma jefa su aji ba tare da mai riƙe hannunsu ba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Abin da ba a karantawa a littafi

Mu koma wurin budurwar nan ta aji ɗaya. A ce tajwidinta ba shi da makusa, ta kuma haddace Ahalari da Ishmawi. Abu na farko da ba ta sani ba shi ne yadda za ta gane wanda ya iya karatu daga wanda ya iya bin amo. A ajin da yara tamanin ke biya sura baki ɗaya, muryar goma ce ke jan ragama, saura bakinsu kawai ke motsi. Yaro kan shekara uku a haka, iyaye na murna ya kai izifi biyu, ran da aka ware shi shi kaɗai aka nuna masa harafi, sai a tarar bai bambance ba da ta ba. Gogaggen malami ya san dabarar tsinto irin wannan yaro cikin minti biyu. Ya san yadda zai raba aji gida huɗu gwargwadon inda kowa ya kai, ya ba kowane rukuni aikin da zai shagaltar da shi, ya zauna da mafi rauni. A Indiya ƙungiyar Pratham ta gina shiri guda a kan wannan dabara ta koyar da yaro daga inda ya tsaya maimakon daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai, an kuma gwada shi a wasu jihohin Arewa. Alarammomi sun san shi tun da daɗewa, domin a makarantar allo kowane yaro da nasa allon da nasa budun.

Ba ta kuma san cewa yaron da ke ƙarshen ɗaki, wanda ake ce wa daƙiƙi, wataƙila allo ne ba ya gani ko kunnensa ɗaya ya toshe ba. Ba ta san yarinyar da ke gyangyaɗi tun asuba take yawon tallar koko ba, ko wanda ke neman faɗa da kowa rabonsa da abinci tun daren jiya. Ba ta san yadda za ta yi magana da uban da ya zo a fusace ba, ko uwar da ta ce 'yarta za ta daina zuwa don babu kuɗin wata. Koyarwa a unguwar talakawa tana da nata fiƙihu, wanda ya sha bamban da na makarantar kuɗi inda yara ashirin ke zaune a ƙarƙashin fanka, kowa ya karya kumallo. Idan aji ya rikice kuma ba ta da wata dabara, abin da ya rage a hannunta tsumagiya ce, domin da ita aka rene ta. Nan gargaɗin Ibn Khaldun ke tabbata a gaban idonmu, mu kuwa sai mu ce yaran zamani ne ba su da kunya.

Waɗannan abubuwa da ido ake ɗaukar su. Sai mutum ya ga an yi, ya gwada, ya yi kuskure, wani ya ja shi gefe bayan an tashi ya ce da ka yi kaza. Wannan yana buƙatar lokaci, lokacin kuma yana buƙatar kuɗi, tunda mai koyon aiki ba ya riƙe aji shi kaɗai, amma dole ya ci abinci. Makarantar da ke tattara kuɗin wata da ƙyar ba za ta iya ciyar da mutum biyu a aji ɗaya ba. Daidai nan ne gurbin mai taimako yake.

Wasu ƙasashe sun gano haka, kuma hikima kayan mumini ce. A birnin Boston na Amurka, inda makarantun unguwannin marasa galihu ke asarar sababbin malamai cikin shekarun farko, an kafa wani shiri a 2003 da tallafin masu ba da agaji tare da hukumar makarantun birnin. An kwaikwayi yadda ake horar da sabon likita a asibiti. Mai son zama malami yakan shekara guda cur a ajin wani ƙwararren malami, kwana huɗu a mako, sauran lokacin yana karatun ka'idojin koyarwa. Ana ba shi alawus, shi kuma ya yi alkawarin koyarwa shekara uku a makarantun birnin, duk shekarar da ya cika a yafe masa sulusin bashin kuɗin karatunsa. Masu bincike na Jami'ar Harvard da suka bi sawun shirin sun tarar waɗanda suka fito daga cikinsa sun fi sauran daɗewa a aikin. Sun kuma tarar da abin da ya kamata kowane mai bayarwa ya sani, cewa a darasin lissafi ba su fi sauran sababbin malamai ba a shekarar farko, sai a shekara ta huɗu zuwa ta biyar suka shige gaba. Wanda ke son ganin amfanin kuɗinsa kafin ƙaramar salla ba zai jure wannan ba.

Akwai wata hanyar kuma da ta fi wannan suna, ta ƙungiyar Teach For America da ta fara aiki a 1990, wadda ke ɗaukar haziƙan da suka gama jami'a ta ba su horon 'yan makonni, ta tura su makarantun talakawa na shekara biyu. 'Yar uwarta Teach For Nigeria ta fara a 2017 a jihohin Legas da Ogun, daga baya ta iso Kaduna. Sun yi abin yabo wajen jawo matasan da da ba za su kalli alli ba. A ganina dai shekara biyu ta yi kaɗan, domin lokacin da hannu ya fara faɗawa ne wa'adi ke cika. Unguwa kamar Bachirawa ta fi buƙatar ɗan cikinta wanda zai tsufa yana koyarwa a nan.

An ma taɓa gwada wani abu makamancin haka a Kano. Shirin ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 ya horar da matasan unguwanni da ƙauyuka su koyar da karatu da lissafi ga almajiran tsangaya da ɗaliban Islamiyya, da yardar malamansu. Amma tallafin waje yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Wa'adin ESSPIN ya cika, kuma a 2025 duniya ta ga yadda aka rufe hukumar agaji ta Amurka, USAID, wadda ta tallafa wa koyar da karatu da Hausa a Bauchi da Sakkwato. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da ba a ɗora ta ba da yunwa zai kwana.

Zakka ko wakafi?

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, da wane kuɗi? Da yawa za su ce zakka, amma a yi hattara. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba zakka, kuma jumhurun malamai, har da Malikiyya, sun fassara tafarkin Allah da ke cikinta da jihadi. Wasu malaman zamani, irin su Shehu Yusuf al-Ƙardawi, sun faɗaɗa ma'anar ta haɗa da da'awa da ilimin da ke kare addini. Wanda bai son shiga saɓani yana da mafita, domin mafi yawan matasan da ake magana a kansu talakawa ne da suka cancanci zakka da kansu, ana iya mallaka musu ita da wannan siffa. Amma ladan malamin da ke horar da su, da kuɗin littattafai, da na mai bibiya, waɗannan sun fi dacewa da sadaka da wakafi.

Wakafi, ko hubusi kamar yadda Malikiyya ke kiransa, asalinsa shawarar da Manzon Allah (SAW) ya ba Sayyidina Umar game da gonarsa ta Khaibar, cewa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Mazhabarmu tana daga cikin mafi sauƙi a wannan babi. Ta halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci, ta yadda mai shago a Kantin Kwari ko Singa zai iya cewa hayar wannan shago ta shekara goma ta masu koyon koyarwa ce, bayan nan ya koma ga magada. Ta kuma halatta wakafin tsabar kuɗi, abin da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Maskat a 2004. Batun karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani kuwa, Malikiyya da Shafi'iyya sun halatta shi tun farko, malaman Hanafiyya na baya ma suka koma kan haka don tsoron kada karatu ya tozarta. Kuɗin Laraba da iyayenmu ke bayarwa a kan wannan aka gina shi. Matsalar ita ce mun bar ladan malamin addini a matsayin kuɗin Laraba, alhali kuɗin haya da na asibiti sun daɗe da wuce nan.

Bari mu yi ɗan lissafi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata. In aka ba mai koyon aiki wannan, shekara guda ta kama naira 840,000. Kujerar aikin Hajji a 2025 ta haura naira miliyan 8. Ke nan kuɗin kujera ɗaya ya kusa riƙe mutum goma na shekara. Ba ana maganar Hajjin farilla ba ne, wannan rukuni ne da ba a musanya shi da komai. Ana maganar wanda ya je sau biyar yana shirin na shida. Imam Gazali ya kawo a Ihya'u cewa wani mutum ya zo wa Bishr al-Hafi da dirhami dubu biyu zai tafi Hajjin nafila, Bishr ya shawarce shi ya raba su ga mabuƙata goma in har yardar Allah yake nema, mutumin ya ce zuciyarsa ta fi karkata ga tafiyar, Bishr ya yi murmushi. Adadin ma ya zo daidai, ikon Allah.

Sai dai kuɗi kaɗai ba ya gyara, kuma akwai ramukan da za a iya faɗawa. Mafi girmansu shi ne zaɓen wanda za a zauna a gabansa. Daɗewa a aiki ba ita ce ƙwarewa ba, wani ya maimaita kuskure guda ne shekara ashirin. Dole a shiga aji a ga yadda malami ke yi, a gwada yaransa ɗaya bayan ɗaya, kafin a ce shi ne zai riƙe hannun wani. Kuma dole a biya shi, domin an ƙara masa aiki. In ba haka ba zai mayar da mai koyon aikin ɗan aike, ko ya bar masa ajin ya tafi kasuwa.

Sannan akwai abin da ke biyo bayan shekarar horo. Matashin da ya iya aiki, makarantun kuɗi na Nasarawa da titin gidan Zu za su gan shi, kuma ba wanda zai zarge shi in ya tafi, yana da iyaye da ƙanne. Alkawarin shekara uku yana da kyau, Musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu, amma ba adalci ba ne a ɗaure mutum da alkawari a kan albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata. Wakafin da ya horar da shi ya kamata ya ci gaba da cika masa wani abu a kan abin da makarantar ke ba shi. Gara a horar da biyar a riƙe su da a horar da hamsin su watse. Mata kuma su samu kaso mai tsoka, tunda su suka fi yawa a ƙananan azuzuwa da Islamiyyun matan aure, su ne kuma suka fi zama a unguwa, matuƙar an kula da lokacin aikinsu da nisan gida da yardar iyali.

Ina kuma jin tsoron abu guda da ya sha kashe mana ayyukan alheri, wato a mayar da shirin gidan ƙungiya, a tambayi matashi a wane masallaci yake salla kafin a tambaye shi ko yana ƙaunar yara. Dabarar koyar da baƙi da wasali ba ta da ɗariƙa. Mai wakafi yana da haƙƙin gindaya sharaɗi, shari'a kuma ta girmama sharaɗinsa, amma ya dace ya tuna cewa yaran layin nasa daga kowane gida suke fitowa.

Wannan duka ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora mata ilimin yaro na shekara tara kyauta, Jihar Kano kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Abin da mai wakafi zai iya, wanda gwamnati ke jinkiri a kansa, shi ne ya fara ƙarami ya nuna hanya. Kayan aikin suna nan. Akwai Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, akwai takwarorinta a Sakkwato da Zamfara, waɗanda za su iya rajistar wakafin su sa ido a kan naziri. Akwai Kwalejin Aminu Kano ta Nazarin Addinin Musulunci da Shari'a da sauran kwalejojin ilimi da za su iya ba da ɓangaren ka'ida, su kuma amince a lissafa shekarar zaman aji a cikin karatun ɗalibi. Akwai malaman da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu, waɗanda za su iya zagayawa sau ɗaya a mako su zauna a bayan aji da littafin rubutu.

Kwamitin makarantar unguwa ma ba sai ya jira wani hamshaƙi ba. Iyaye arba'in da za su yarda su riƙa ba da naira 2,000 kowane wata sun tara 80,000, abin da zai riƙe mai koyon aiki ɗaya, har a samu ɗan abin da za a ƙara wa malamin da ke horar da shi. Abin da za a nema daga naziri a ƙarshen kowane zango takarda ce guda mai ɗauke da sunayen yaran ajin, da wanda ya iya haɗa baƙi a farkon zango, da wanda ya iya a ƙarshensa, a karanta ta a gaban iyaye ranar da ake raba sakamako.